Muryar Abdulhakim

Abdulhakim ya rasu ya bar matarsa Adawiyya da cikin fari. A rabon gado kwamfutarsa ta faɗa hannun yayansa, Alhaji Mammadu, wanda ya sa aka goge duk abin da ke ciki ba tare da ya tambayi kowa ba. A ciki akwai bidiyon da marigayin ya riƙa ɗauka yana yi wa cikin hira. Babu muryarsa a ko'ina sai nan.

Adawiyya tana takaba a Kiyawa, don haka ƙawarta Mashkura, mai gyaran kwamfuta a Dutse, ta je da kanta.

"Alhaji, za a iya dawo da su," in ji Mashkura. "Gogewa ba ta cire su, wurinsu kawai take buɗewa. Amma duk sabon abin da aka zuba, a kansu zai zauna. Kada a kunna ta. Zan kawo wani faifan ajiya in kwafe wannan ɓangaren gaba ɗaya, sannan in yi aiki a kan kwafin."

"Ke yarinya, wanda ya tafi ai ya tafi."

"Don Allah, Yaya," in ji Adawiyya daga bayan labule. "Yaron nan ya ji ubansa ko sau ɗaya."

"To, na ji," ya ce, ya tura kwamfutar ƙarƙashin kujera da ƙafa.

Ranar Asabar Mashkura ta dawo da faifan. Ta cire na cikin kwamfutar, ta haɗa da tata, ta duba. Ɓangaren a cike yake taf.

"Alhaji, me aka zuba?"

"Karatu da wa'azi. Na kai shago aka cika ta, ladan ya je wa ɗan'uwana. Ya fi masa surutun nan amfani."

"Amma na gaya maka! A gabanka na faɗa!"

"Kin faɗa, na kuma ji. Yanzu ke za ki hana mamaci lada?"

Mazan da ke zaure suka gyaɗa kai. Wani har ya ce Allah ya saka da alheri. Haka muke: a lulluɓe mugunta da addu'a, kowa ya ce amin.

Duk da haka Mashkura ta kwafe ɓangaren, ta yini tana tono. Fayil ɗaya ta samu, sunansa yana nan, cikinsa babu komai.

Adawiyya ta ɗaga labule. "Ƙawata, kunna mini."

Mashkura ta danna. Allon ya yi baƙi. Adawiyya ta ƙara matsowa, ta ce a ƙaro sauti.