Tofin Zinariya

Ranar da Gwaggo Dija ta ɗora jikarta a cinyar Zinariya, matar Malam Namadi, aka gama da ita. Abin da ya biyo baya jira ne kawai.

Zinariya ta daɗe tana wankin ƙoda. Daga Gummi ake kai ta Sakkwato, a dawo da ita kamar tsumman da aka matse. Likita ya ja wa Namadi kunne: jininta kaɗan ne, a raba ta da masu mura da zazzaɓi. Namadi tsohon malamin makaranta ne, ya karance duk abin da ya samu a kan ƙoda, ya zama masanin da ba mai sauraro.

Ita kuwa 'yar gidan malamai ce, kuma kowa a garin ya haddace cewa addu'ar mara lafiya karɓaɓɓiya ce. Sai dubiya ta koma neman magani. A shigo da "ya jiki", kafin ta amsa an miƙo mata mai tari ta yi masa tofi. Da tana kan ƙafafunta, ko Fatiharta ba wanda ya taɓa nema.

Ran nan Gwaggo Dija, ƙanwar mahaifinta, ta zo da jikarta Munira, jiki zafi rau, majina har leɓe.

"Gwaggo, don Allah a tsaya da ita daga zaure," in ji Namadi. "Likita ya hana."

"Likita shi ad da rai? Zinariya ɗiyata ta, ni na goye ta. Kai da littattafanka, wa kuka taɓa warkarwa?"

Zinariya ta miƙa hannu. "Malam, bar ta. Yarinya ce."

Ta rungume ta, ta tofe ta sarai. Munira ta saka mata da atishawa a fuska, matan ɗakin suka ce amin.

Ba a jima ba kumatun yarinyar suka yi ja kamar an mare ta. Zinariya kuma ta yi fari fat, ko buta ba ta iya ɗauka. A Sakkwato likita ya ce wata ƙwayar cuta ce, parvovirus. Ga yara abin wasa ce, amma ga mai ƙarancin jini takan tsayar da ɓargo daga yin sabo. Ya ƙara da cewa suna ma binciken yawanta a tsakanin masu wankin ƙoda, yana faɗa ido na ƙyalli kamar mafaraucin da ya ga sawu.

Aka yi ta ƙara mata jini, zuciyarta na gazawa. Duk farkawar da za ta yi, tambayarta ɗaya.

"Malam, ya jikin Munira?"

"Ban sani ba. Ban kuma tambaya ba."

"Ka tambaya mana."

Da ya ga ta nace, wata safiya ya fita bakin ƙofar asibiti ya kira Gummi. Gwaggo ta ɗauka da guɗa.

"Ta warke garau! Ga ta can tana tsalle. Ka gani ko, ɗan boko? Tofin ɗiyata ba wasa ba!"

Ya kashe wayar, ya juyo da sauri, yana shirya yadda zai faɗa ba tare da ɗaci ya fito a muryarsa ba. Ya tarar an ja labulen gadonta.

A zaman makoki Gwaggo ta ba kowa labarin ƙarfin tofin marigayiya, har wasu na takaicin ba su kawo nasu yaran da wuri ba. Gummi kaf ta ji Munira ta warke. Wadda ta tambaya ce kaɗai bai samu ya gaya wa ba.