Izinin Hajiya Saratu

Gidan Malam Sharfaddeen yana cikin tsofaffin gidajen Tudun Wada. Kakansa ne ya kafa shi a zamanin da Turawa suka yanka unguwar a wajen ganuwar Zazzau, bayan isowar jirgin ƙasa, domin 'yan Arewa da suka zo neman aiki ko karatu. Tun daga lokacin ba a raba gidan da koyarwa: kakan alƙalami da allo, uban malamin firamare, shi kuwa Malam Sharfaddeen ya yi ritaya yana shugaban makarantar sakandare.

Rauda, 'yarsa ta fari, ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida. A daminar bana jami'o'i biyu suka ba ta gurbin digiri na biyu. Ɗaya tana kusa, inda za ta iya fita da safe ta dawo kafin magariba, sai dai malaman sashen sun fi karkata ga auna fahimtar 'yan makaranta, kuma sun gaya mata gaskiya cewa a can za ta nemi abin bincike. Ɗayar tsohuwar jami'a ce a Kudu, tafiyar yini guda cur a mota. A can akwai wata farfesa da ta daɗe tana bincike a kan damuwar da ke kama mata bayan haihuwa, tana kuma neman ɗalibar da za ta iya zama da masu jego ta yi musu magana da Hausa. Abin da Rauda take so ke nan tun tana aji uku a jami'a. An ce ta ba da amsa kafin ƙarshen mako, in ba haka ba a ba wani gurbin.

Ta sami mahaifinta a zaure bayan la'asar ta shimfiɗa masa maganar. Ya saurara har ta kai aya, sa'an nan ya ce, "A gidan nan ba mu taɓa neman karatu don ginin makaranta ba. Wanda ya san fannin ake bi, ko yana ina. Ta wannan fuska ba ni da ja. Amma ke ce kike riƙe da jinyar mahaifiyarki. Idan ta yarda, na yarda."

"Baba, ko kai za ka yi mata maganar?"

"In na tambaye ta, za ta ce abin da na gani shi ne daidai. Wannan ba izini ba ne, biyayya ce."

A nan matsalar take. Hajiya Saratu mace ce mai tsananin kunyar 'yar fari, irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunan Rauda ba. In ta kama dole sai ta ce "waccan" ko "'yar Gyallesu", domin a unguwar Gyallesu Rauda ta tashi, a hannun kakarta ta wajen uwa, sai da tsohuwar ta rasu ta dawo gidan ubanta. Tun da hawan jini ya kama Hajiya, Rauda ce take auna ta kowace safiya da na'urar da ake ɗaurawa a hannu, ita take ware mata magani, ita take raka ta asibiti. Duk wannan ana yin sa ba tare da an haɗa ido ba. Hajiya takan miƙa hannu tana kallon tsakar gida, in an gama ta janye.

Rauda ta san maganar ta isa kunnen mahaifiyarta, don a gidan ba abin da ake faɗa a zaure bai shiga ciki ba. Sai ta koma ga abin da aka koya mata: ta sa ido, ta lura. Ranar farko ba ta ga komai ba. Washegari da safe ta ɗauko na'urar, ta durƙusa a bakin tabarma, sai Hajiya ta naɗe hannunta cikin zane ta ce wa iska, "A bar shi yau." Da rana ta tarar an ɗauke ledar magani daga ɗakinta an mayar ɗakin Hajiya. Rana ta uku ma aka ce a bar shi. Gwaggo Ishatu, ƙanwar Malam, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke zaune a unguwar Hanwa, ta fara zuwa kullum, su shige ɗaki da Hajiya su saki labule.

Abinci ya daina shiga wa Rauda. Tana wanke-wanke tana juya abin a ranta. Mutum ba ya ƙin hannun da ya saba da shi sai da dalili, kuma dalilin da take iya gani ɗaya ne: an yi fushi. An ga ta zaɓi baƙin mata a kan uwar da ta haife ta. Ta tuna ranar da jinin ya hau bara, Hajiya ta zame a bakin rijiya, ba kowa a gida sai ita. Ta auna nisan hanya, ta auna abin da zai faru in aka kira ta a waya tana can. Ta kuma tuna muryar farfesar a waya, yadda ta ce mata samun mai irin tambayoyinta yana da wuya.

Ranar Alhamis da hantsi ta yanke shawara. Gwaggo Ishatu da Hajiya suna zaune a rumfa suna gyaran zogale. Rauda ta tsuguna gefen Gwaggo, ta yi magana yadda za a ji.

"Gwaggo, na fasa zuwa Kudu. Zan karɓi ta nan kusa."

"To, likitar zukata. Masu jegon fa? Sun warke?"

"Akwai wasu da za su yi aikin. Auna 'yan makaranta ma karatu ne."

"Da wannan fuskar za ki auna su? Ai sai su fashe da kuka."

Hajiya Saratu ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsige ganye har ta gama reshen da ke hannunta, sa'an nan ta ce, "Ishatu, tambayi waccan, wa ya ce mata ta fasa?"

"Kin ji, wai wa ya ce ki fasa?"

"Ba wanda ya ce. Na ga an daina karɓar awo a hannuna."

Gwaggo ta ajiye faifai ta dubi Rauda, ta dubi Hajiya, ta yi dariya har da riƙe haɓa. "Shekara huɗu kina karanta halin mutane, na ɗakinku ya gagare ki. Ni nan da kike gani, tun farkon mako nake koya wa tsohuwar nan ɗaura abin awo da kanta. Jiya sau uku ta ɗaura shi a juye. Ta ce kada a gaya miki sai ta iya, don kada ki tafi da zullumi."



Hajiya ta jawo wani reshe. Muryarta ba ta tashi ba, kuma Gwaggo take kallo. "Ke kina makarantar jinya a lokacin, ba ki sani ba. Da na je wankan gida a Gyallesu, bayan suna wani abu ya sauko mini. Ba ciwo ba ne da za a nuna. In aka miƙo mini jaririya sai in ji kamar ta wani aka ba ni riƙo. Kuka nake yi a bayan ɗaki, in wanke fuska kafin a kawo ruwan wanka. Barci ya ƙaura. Mata suna shigowa barka suna cewa, kai, Saratu akwai kunya, ko kallon 'yar ba ta yi. Har yabona ake yi. Inna ce kaɗai ta gane ba daidai nake ba, shi ya sa ta riƙe yarinyar tun ba a kai ga yaye ba. Ba wanda ya tambaye ni abin da nake ji, ni ma ban san sunansa ba balle in faɗa."

Gwaggo ta daina dariya. "Yayana ya san wannan?"

"Me zan ce masa?"

Tambayoyi suka cika wa Rauda baki: wata nawa abin ya yi, yaushe ya sake ta, cikin shekarun nan duka ina kunya ta tsaya, ina ciwon ya fara. Ba ko ɗaya da za ta iya furtawa. Abin da ya fito shi ne, "Gwaggo, in jinin ya hau ba kowa a gida fa?"

"Hanwa ba Makka ba ce," in ji Gwaggo. "Kuma ubanki ya yi ritaya, zaman me yake yi a zaure? Shi ma zai koya. Bari in je in same shi tun bai fita ba."

Ta tashi ta kaɗe zanenta ta nufi zaure. Rumfar ta rage daga uwa sai 'ya, ba wanda za a bi ta kansa a yi magana. Rauda ta jawo faifan da Gwaggo ta bari ta fara tsige zogale, tsoron tafiyar yana nan bai ragu ba.

Can Hajiya Saratu ta yi gyaran murya, idonta a kan ganyen da ke cinyarta.

"A kira malamar nan ta Kudu yau, kada a kai gobe," ta ce. "In kuma an fara shiga gidajen, a jira dangin miji su fita tukuna. Mai jego ba ta faɗin gaskiya a gaban surukarta."