Allura Uku a Firij

Ni dai ban iya zubar da abu ba, kowa a gidanmu ya shaida. Wannan halin ne ya kusa kashe ni da fargaba a watan da maigidana ya gama zagaye na biyu na maganin sankarar jini.

Maganin ya kwantar da cutar, amma ya haɗa har da fararen ƙwayoyin jininsa masu tare masa ciwo. Sai likitarsa, wata doguwa mai tabarau wadda fara'a ba ta dame ta ba, ta rubuta allurar da ke zaburar da ɓargo ya yi sababbi. Aka koya mini yadda ake yinta a fatar ciki. Ta ce kwana bakwai, sai a tsaya. Kwalin kuwa goma ne a cikinsa. Uku suka rage a ƙofar firij, kusa da ƙwai, kullum na buɗe sai mu haɗa ido. Na ce abin da ya yi amfani kwana bakwai ai ba zai zama guba ran na takwas ba. Na ƙarasa masa su tas.

Ranar gwajin jini likita ta daɗe tana kallon takardar sakamako.

"Baba, akwai ɗanyun ƙwayoyi a jininka, waɗanda ba su nuna ba. Irinsu muke gani idan cutar za ta dawo." Ta juyo gare ni. "Mama, allurar ƙarshe ran Litinin ɗin da ta wuce ce, ko?"

Na ce, "Shekaranjiya ce, likita. Ukun da suka rage..."

Ta cire tabarau ta ajiye. Na zaci za ta wanke ni tas, amma sai ta yi ajiyar zuciya.

"Allurar nan kamar taki ce, Mama, ba ta san shuka ba, ba ta san ciyawa ba. Wasu ƙwayoyin cutar ma suna amsa kiranta su hayayyafa, shi ya sa muke ƙidaya kwanakin. Amma takan sa ɓargo ya turo lafiyayyu tun suna ɗanyu, sai su yi kama da cutar. Yau ba zan iya rabe muku su ba. Ku dawo bayan mako guda."

Makon nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Tsoro nake ji, tsoron a ce da hannuna na ciyar da abin da ke cin mijina. Shi kuwa gogan, tsohon kafinta, ya zauna a tsakar gida yana gyaran kujerar da ba abin da ya same ta.

Da muka koma, likita ba ta ma bari mun zauna ba.

"Sun nuna, Baba. Lafiyayyu ne, ba alamar cutar."

A bencin baranda na zube ina hamdala, ina kuka, ina roƙon maigidana gafara.

"Haba uwar yara, ki bar kukan nan, mutane na kallo," ya ce. "Ai ina wurin aka ce bakwai, kunnena lafiya lau."

"To don me ka ɗaga mini riga na yi maka sauran ukun?"

Ya sosa ƙeya. "Wata biyar ina kallonki. Ba ki samun natsuwa sai kina da abin da za ki yi mini. Ta yaya zan ce miki ya ƙare?"