Awon Tanimu Mai Jita

Zazzaɓi ya kwantar da Tanimu bayan azahar, ana gobe za a karrama shi. Shi ne ya fara sa wa waƙar Hausa jitar lantarki a Jos, aka ce masa ɗan iska, aka yi ta jifan sa. Yanzu da haƙoransa suka zube, wai kwamiti ya tuna da shi: a ba shi lambar yabo, shi kuma ya ba da jitar a ajiye a gidan tarihi. Abin bai kwanta masa ba, don ungulu ba ta jewar banza.

Barci ya ɗauke shi, sai ga shi a wata kasuwa da ba a sayar da komai sai tafi, buhu-buhu. Ya kwance bakin buhu ɗaya, ya ga tsohon tafi ne, duk ƙwari sun cinye shi. Mai rumfar, wani dogo da murmushinsa ya fi fuskarsa faɗi, ya ce na Tanimu ne, tun yana saurayi aka ɓoye masa.

Dogon ya ja shi suka haye wani kogi mai gudu zuwa saman dutse, suka faɗa wani babban ɗaki cike da manyan riguna. Kowa na gyaɗa kai, amma babu mai kunne ko ɗaya. Aka ce ya miƙe a auna masa rigar girma. Dogon ya ɗauko karan dawa ya gwada daga kansa zuwa ƙafa, ya karya abin da ya rage. Tanimu ya sha raka gawa, ya san wanda ake yi wa awo da kara.

Can gefe ga jitarsa cikin akwatin gilashi, an cire mata tsirkiya duka.

"Sun taɓa jin mu kuwa?" jitar ta tambaye shi.

"Sun ce mu tarihi ne."

"To, ka tambaye su waƙa ɗaya."

Ya juya ya tambaya. Rigunan suka zube ƙasa, babu kowa a ciki.

Ya farka jiƙe da gumi, matarsa Lantana na girgiza shi. Ta ce 'yan kwamiti na zaure, sun zo ɗaukar jitar.

Ya jawo jitar jikinsa.

"Shimfiɗa musu tabarma," in ji shi. "Ki jona mini wayar jitar. Babu inda za ta sai sun zauna sun ji ta da raina."