Saura Wata Huɗu a Yaye Ni

Ranar wata Talata ce cikin Agusta, ruwa ake ta tsugawa a Parakou tun asuba. An ɗauke wuta, muna zaune a shagon walda na Patron Ousseini kusa da Gare, tashar jirgin ƙasa, ba aikin yi.

Shekarata uku da wata takwas ke nan a wurinsa. Kafin nan na bar makaranta a aji biyu na kwaleji, na tsaya rumfar naman babana a kasuwar Arzèkè wata biyar, na ja zem ɗin wani, babur na haya, har na kayar da wata mata da doyarta. Walda ce kaɗai ta riƙe ni. Saura wata huɗu a yi mini liberasiyon, ranar da patron yake yaye ɗan koyo gaban jama'a ya ba shi takarda. In ba wannan takarda, ko ka fi kowa hannu, ba ka buɗe shago, ba kuma mai ɗaukar ka da sunan ma'aikaci.

Abduljalil, abokina tun yarinta a unguwar Ganou, direban babbar mota, ya shigo fakewa. Ya ja ni gefe.

"Sahabi, har yanzu kana ƙona idonka a banza? Wani mai walda a Djougou ya samu aikin ƙofofi goma sha biyu, yana neman hannu. Sati biyu kawai."

"Patron ba zai bar ni ba."

"Sai ka tambaye shi? Ka ce gwaggonka ba lafiya. Ai kana da gwaggo, ko ita ma sai an yaye ka za a ba ka?"

Na yi dariya. Washegari na faɗa wa Patron ƙaryar, ya ce Allah ya ba ta sauƙi, har ya ba ni lemo in kai mata.

Da na isa, mai waldar Djougou, Malam Mansour, ya miƙo mini ƙarfe biyu in haɗa ya gani. Da na gama ya bi wurin da yatsa.

"Wannan hannun ba a titi aka tsince shi ba. Wa ya yaye ka?"

Yabon ya hau mini kai. Na ce Patron Ousseini na Gare.

"Kai! Shi ya yaye ni, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ashe ƙanena ne kai. Bari in gaishe da tsoho."

Kafin in buɗe baki ya kira shi a waya, ya saki muryar kowa na ji. Ya yi ta godiya, yana cewa Patron ya fitar da yaro mai hannu. Sai muryar Patron ta ce, "Mansour, tambaye shi jikin gwaggon tasa."

Malam Mansour bai zage ni ba. Ya karɓi gilashin fuska daga hannuna, ya ce wanda Patron ya yaye ba ya ba ɗan koyon Patron aiki a ɓoye. Da kansa ya raka ni tasha.

Babana ya ɗauki goro muka tafi roƙo. Shi da Patron sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci tun kafin a haife ni. Ya cire hularsa ya durƙusa, tsoho da furfura, saboda ni.

"Ousseini, ka dubi Allah ka dube ni. Wata huɗu ne fa."

"Tashi, Lado, kada ka ɗora mini nauyi. Ban kore shi ba. Ga tsintsiya can. Ya fara daga inda kowa yake farawa, shekara huɗu. In na yaye shi bana, gobe duk shagon nan gwaggonsu ba lafiya."

Na yi kwana tara ina shara, ina ɗebo ruwa, ina miƙa guduma ga waɗanda ni na koya wa riƙe ta. Ran na goma na jingine tsintsiyar na fita. Na je shago uku a Parakou, kowa ya ce in kawo takarda ko in fara daga farko. Yanzu ina sauke buhuna a Gare in an samu mota.

Abin da ya tafi: shekara uku da wata takwas, takardar, rabin ganin idona na hagu da hasken walda ya cinye, da gaisuwar babana da Patron, don tun ranar baba ya canza masallaci.