Kwalba Biyu na Apenisa

"Ɗaga masa kai, kada ki bari ya yi barci," in ji nas Merewalesi, tana ta kiran waya.

Ulamila ta tallafe kan maƙwabcinta Apenisa a kan cinyarta. Babu jini ko ɗigo a jikinsa, kuma abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Da safe yana janyo taru sai kansa ya bugi gefen kwale-kwale. Ya yi dariya, ya koma gida ya ci rogonsa da kifi. Rana na take tsakiya ya fara amai.

Duk ƙauyen sun san jinin Apenisa ba ya tsayawa in ya ɓalle. Haka aka haife shi. Allurar da ke tsayar masa kyauta ce daga ƙasashen waje, sai ta sauka Suva, babban birnin ƙasar, sannan a aiko tsibirinsu cikin akwatin ƙanƙara.

"Ina kwalba biyun da ke cikin firij ɗinki?" Ulamila ta tambayi nas.

"Tambaye shi."

"Jikan Sairusi ya fāɗi ya fasa baki watan jiya," Apenisa ya ce, idonsa a rufe. "Kwana biyu yana zuba. Irin ciwona ne, na ce a yi masa su. In ajiye su in yi ado da su?"

"Kai dai taurin kai zai kashe ka, Baban Litia," in ji Ulamila.

"Da kaina na da tauri, ai kwale-kwalen ne zai kwanta a nan."

Nas ta ajiye wayar. Jirgin sama ba zai taso ba, iska ta yi yawa. An saka maganin a jirgin ruwa. Awa biyar, in teku ta bari.

Ulamila ta dubi agogon bango, ta dubi tagar da ke kallon ruwa. Kumfa ce fari fat har iyakar gani.

"Maman Jone," ya kira ta, harshensa ya fara nauyi. "Duba aljihuna. Fasto ya ba ni minti goma ran Lahadi. Ki karanta musu. Ki ce ciwon nan ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne. Yaron da ke kumbura ba dalili, a kai shi a gwada."

"Ni ban taɓa magana a coci ba. Kai za ka karanta abinka."

Can ya kira ta da sunan matarsa da ta rasu, ya ce ta kwashe shanya kafin ruwa ya sauko.

"Na kwashe," ta ce.

Wajen ƙarfe biyar hannunsa ya saki nata. Suna lulluɓe shi suka ji ƙahon jirgin daga bakin gaɓa.

Ran Lahadi ta miƙe gaban jama'a, takardar Apenisa a hannunta. Sau biyu ta tsaya, don rubutunsa kamar tafiyar kaguwa yake. Ta dai kai ƙarshe.

Aka tashi, kowa ya nufi abincin rana. Mata uku ba su tashi ba. Ta benci na ƙarshe ta jira har ƙofa ta yi shiru, sannan ta ɗora ɗanta a cinya, ta naɗe masa ƙafar wando a hankali har saman gwiwar da ta kumbura.