Maraƙar Inna Hamsatu

Tabawa tana da shagon ɗaukar hoto kusa da tashar Magariya. Ran nan da hantsi ta kunna ordinatarta, wato kwamfuta, sai ta tarar manhajar da take gyaran hotuna da ita ta yi mizajur, ta sabunta kanta ba da shawarar kowa ba. Ƴan sandunan da ta saba ja hagu da dama don ƙara ja ko rage ruwan ɗorawa duk sun ɓace. A gurbinsu ga wasu da'irori uku masu launi kamar faifai, kowanne da ɗigo a tsakiya.

Tana cikin harararsu babur ya tsaya a ƙofa. Lado ne, wani manomi mai kiwon shanu daga wajen Dungas, ya goyo mahaifiyarsa Inna Hamsatu. Ya kawo ta likita ne saboda ciwon gwiwa, suka biyo ta nan. Bayan gaisuwa Tabawa ta ba tsohuwar kujera, Lado ya miƙo wayarsa.

"Madam, saniyar Inna ce ta haihu can arewa, inda muka kai garke saboda gonaki. Na ɗauko hoton maraƙar, amma ta ce ba ta ganin komai a waya. A fitar mata da babba."

"Launinta nake son gani, ƴar nan," in ji Inna Hamsatu. "Kakar kakarta babana ya ba ni. Ja ce mai farin goshi. Tun daga ita ba a sake haifar irinta ba. Wannan yaro ya ce an samu, ni kuwa na san shi da daɗin baki."

Tabawa ta tura hoton cikin ordinatar. An ɗauke shi a inuwar gawo, ya yi duhu, maraƙar ta fito kamar toka. Da jiya ne, kafin su gama zama ta gyara shi. Ta kama linzamin ordinatar, ta ja ɗigon da'irar tsakiya da ƙarfi yadda ta saba jan sandunan da.

Maraƙa ta koma shuɗiya kamar an tsamo ta daga marina.

Inna Hamsatu ta matso da fuskarta, ta ƙura ido, sai ta fashe da dariya har tana dafa gwiwar da ke ciwo.

"Lado! Baba kuke ba shanuna a dawa?"

"Wallahi Inna ba haka take ba!"

Tabawa ta ji kunya, ta yi maza ta ja ɗigon ɗaya gefen. Maraƙa ta zama kore shar, uwar da ke lasarta ta yi ruwan hoda. Yanzu har Lado ya jingina da bango yana share hawaye. Ita ma Tabawa ta saki linzamin ta bi su.

"Inna, ku yi haƙuri. Yau aka sauya mini kayan aiki, ni ma baƙuwa ce a nan."

"Yi a hankali, ba inda za mu. Tun da ciwon nan ya kama ni ban yi dariya haka ba."

Tabawa ta mayar da hoton yadda yake, ta fara taɓa da'irorin ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan. Ta lura ta hagu wuraren duhu kawai take motsawa, ta dama wuraren haske, ta tsakiya kuma jikin dabbar. Can a gefe ta hango wani ɗan tsinke da ba ta san shi ba. Da ta kai linzami kansa, rubutun Faransanci ya fito cewa a taɓa abin da yake fari a hoton.

"Malam Lado, goshinta fari ne sosai?"

"Fari tas, kamar nono."

Ta taɓa goshin. Nan take tokar ta washe. Ciyawa ta koma ciyawa, ƙasa ta koma ƙasa, maraƙa ta tsaya ja wur da ɗan farinta a goshi. Tabawa ta ɗan ɗaga duhun da ke ƙarƙashin wuyanta, ta tsaya haka.

Inna Hamsatu ta sake matsowa. Ta kai yatsa kusa da gilashin, ba ta taɓa ba.

"Ita ce," ta ce a hankali. "Har kunnen. Allah ya raya ta." Ta juya ga ɗanta. "Yau dai ka faɗi gaskiya."

Injin ya fitar da hoton, babba mai sheƙi. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, sannan ta ce a fitar mata da shuɗiyar ma.

"Me za ki yi da ita, Inna?" in ji Lado.

"Ƙanwata Ɗela zan fara nuna wa. In ce sabon iri ne ka sayo daga Kano."

Tabawa ta sake jan ɗigon, wannan karon da gangan, ta zaɓo shuɗi mafi kyau. Ta sa hotunan biyu a ambulan, ta raka su har bakin babur. Lado ya ce gida za su wuce kai tsaye, Inna Hamsatu ta ce sam, ya bi da ita ta Dantchiao, can Ɗela take aure.